Ƙarfe Ɗayan Dare a Jega

Rana ba ta ba ni wahala.
Da rana ni jarumi ne:
koko ba sukari, tuwo rabin malmala,
in wuce mai ƙosai ina kallon sama
kamar wanda ake bi bashi.

Dare ne ya san lagona.

Da an ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
motocin albasa sun bar gurnani a hanyar Aliero,
sai cikina ya buɗe ido
ya ce, Barmo, kana nan?

Ba yunwa ba ce, na sani.
Yunwa takan yi sallama, ta faɗi sunanta.
Wannan kwaɗayi ne, ɓarawon cikin gida.
Ya san inda Tumba ke ɓoye ƙuli-ƙuli,
ya san langar da ba ta ƙara in an buɗe,
ya san kifin da ya rage tun magariba
na kwance ƙarƙashin faifai, mai na naso,
yana jirana.

Ran Talata na hau sikeli a asibiti.
Allura ta zarce inda na baro ta bara,
ma'aikaciya ta rubuta, ba ta ce uffan ba.
Likita ya ce gwiwa ba jaki ba ce,
in kaya ya yi yawa, durƙushewa za ta yi.
Ɗantani tela ma da ya zagaya ni da awo
sai ya yi tari, ya ce, a ƙaro yadi.

Na dawo na ɗaura ɗamara.
Bayan isha'i in yi asuwaki,
in ce wa baki an tashi kasuwa.
Makullin ɗakin girki na damƙa wa Tumba,
na ce ko na yi kuka kada ta ba ni.

Amma wa zai kulle iska?
Hayaƙin tsiren Na'Allah
yakan tsallako katanga ba izini,
ya shigo da yaji da kitse har kan filo.

Daren Laraba na faɗi.
Na lallaɓa ba takalmi, ina lalube,
sai murya daga duhu:
"Mi kaka biɗa?"
Na ce, ruwa.
Ta ce, "Ruwa na randa, ba su cikin kwano."
Na tsaya da mai a yatsu biyar,
ga ƙayar kifi a leɓe, shaida ta gama magana.

Da safe ba ta yi dariya ba.
Ta ce, kai ke horon cikinka da rana,
shi ko ya rama da dare.
Ci ka ƙoshi da wake da zogale tun da haske,
ka bar yi wa kanka azumin da ba lada.

Na bi.

Yau ga shi ya sake zuwa, ƙarfe ɗaya daidai.
Ban kore shi ba, ban ba shi tabarma ba.
Na dafa ruwa da citta,
na zauna bakin rijiya ina kurɓa,
ina sauraron kwaɗi can wajen fadama.
Ya yi magiya. Ya ce loma ɗaya tak.
Ya ce gobe ma rana ce.
Ya tuno mini ranar da aka hana ni bashi a kasuwa,
wai maganin ɓacin rai na cikin tukunya.
Na ce, na ji.

Ashe shi ma yana gajiya.
Kafin kofi ya huce
ya yi nisa kamar fitilar babur,
ta ƙanƙance, ta sha kwana.

Ban rame ba tukuna.
Wandon Sallar bara har yanzu yana harara ta
daga kan ƙusa.
Dare tara ke nan dai, in an cire Laraba,
kuma jiya na tashi daga sujada
ban dafa bango ba.