Kofuna Arba'in da Biyu

Tsonka ta tafi a watan Maris,
dusar ƙanƙara ba ta gama sauka daga duwatsun Rodopi ba.
Ta bar mini kofunan kindirmo arba'in da biyu a bakin taga,
kowanne da ɗan tsiro mai kunne biyu,
kowanne da rubutun hannunta a jiki:
tattasai, tumatir, gauta,
ɗaya kuma alamar tambaya kawai,
ita ma ba ta tabbata ba.

Ni Nedyalko, shekara talatin da ɗaya ina jan bas
daga Asenovgrad zuwa Plovdiv, in juyo.
Babu ramin da ban sani ba a wannan hanya,
amma ramin dashe, zurfinsa da tazararsa,
ko a mafarki.
Iyakar sanina da lambu inuwar inabi ce,
da kujerar da nake zama in ce mata sannu da aiki.

Kwana shida ban ba su ruwa ba.
Haushinsu nake ji, don su suna raye.
Ran na bakwai na tarar sun miƙa wuya ga gilashi
kamar fasinja mai leƙen tasharsa.
Kunya ta kama ni. Na ɗauko buta.

Ranar dashe Ginka ta leƙo ta kan shinge:
"Wannan shuka ce ko ɓoyon kuɗi?
Fito da wuyan tattasan nan ya sha iska.
Kuma bar jiƙa ganye, saiwa ce mai ƙishi."
Ta koya mini tsinke ɗan reshen da ke fitowa a hammatar tumatir.
Ƙamshin ya kama yatsuna, kore, mai ɗan ɗaci,
shi ne wanda na shekara arba'in ina ji a tafin matata
ina zaton sabulu ne.

A Yuni ƙanƙara ta zubo, ta karya bakwai.
Katantanwa ta cinye biyar cikin dare biyu.
Ɗaya ni na taka shi da takalmi,
na tsuguna ina ba shi haƙuri da rana tsaka.
Mai alamar tambaya na dasa shi gefen famfo,
ya yi ɗan cunkus, siraran ganye, ba ɗa ba jika.
Sau uku na ɗaga fartanya a kansa, na fasa.

Satumba ta zo da hayaƙi a kowane gida.
Na gasa tattasai a kan farantin ƙarfe har fatarsa ta yi baƙi,
na rufe shi a tukunya ya yi gumi,
na ɓare, farcena ya rine, bayana ya ƙage.
Na niƙa da gauta da karas, na zuba tumatir,
awa huɗu ina juya lyutenitsa da muciyarta,
tana tafasa tana tofa mini zafi a hannu.

Na ɗanɗana. Na ƙara gishiri.
Na ƙara mai, na ƙara sukari cokali guda.
Da daɗi, ba laifi.
Amma ta kowa ce, irin ta kanti.

Na je famfo in wanke ƙuna,
gwiwar hannuna ta gogi ɗan cunkus ɗin nan,
sai ga kicin ɗinmu gaba ɗaya a hancina,
da rediyo, da tururi, da tarinta na safe.
Chubritsa ce.
Na tsinko, na murje a tafi, na watsa a tukunya.
Na shafa a burodi, na ci a tsaye,
ban iya haɗiye loma ta biyu da wuri ba.

Kwalba goma sha tara na cika.
Biyu na Ginka, ladan faɗa.
Shida za su bi mota zuwa Hamburg wajen Desislava,
in direban bai fasa su a hanya ba.
Iri yana bushewa a kan tsohuwar jarida.
Kofunan na wanke su jiya, na kife,
rubutun bai goge ba, sai na ukun da na dirje da ƙarfi.