Ƙarfe Biyun Dare a Towcester

Ruwan Nuwamba na ƙwanƙwasa rufi kamar mai bin bashi.
Injin yana bayan gilashi a ɗakin gwaji,
yana gurnani, ba ya zuwa ko'ina.
Gethin ya ajiye min shayi, ya turo takarda:
wai kowa ya rubuta ra'ayinsa
kan dokar injinan tsere na shekaru masu zuwa.

Rabi lantarki, rabi mai, in ji masu kwat.
Raba daidai a kan tsire yake da daɗi.
Ni na ga mota a miƙaƙƙiyar hanya,
batir ya juya mata baya, tana haki,
direba na ɗaga ƙafa tun kwana bai zo ba
don ya tara abin kashewa anjima.
Wannan ba tsere ba ne, adashe ne.

Sai na rubuta:
ku auna wa kowa da mudu ɗaya,
ku ce ga abin ƙonawarku daga tashi har tuta,
sannan ku tsame hannu.
Mai silinda huɗu ya zo, mai takwas ya zo,
kowa ya dafa a tukunyar gidansu.
Kada ku zana mana injin har ƙusa
ku dawo kuna tambaya ina basira.

A rage mata ƙiba.
Duk kilon batir, taya ce ke biyansa a kwana.

Gethin ya leƙo. Shi ƙara yake so.
Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora shi a wuya a Silverstone,
har yau kunnensa na hagu bai yafe ba,
kuma ya ce zai iya ba da na daman.
Na ce ƙara ai asara ce, ƙarfi ne da ya sulale ta salansa.
Ya ce, Tasalla, dariya ma numfashi ce da ta sulale.
Na tauna biro.
Na rubuta: a bar wa injin muryarsa,
gwargwadon yadda yaro zai ji ta a haƙarƙari
ya kuma ji kiran uwarsa da yamma.

Babana Sallau, a Panteka,
shekara talatin hannunsa na warin birkin da ya ƙone.
Yakan ce duk tsayawa hasara ce, 'yata.
Da yana nan, da na nuna masa wannan waya mai ruwan lemo
inda tsayawa ke komawa ajiya.
Don haka: ƙafafun gaba ma su tara,
me ya sa na baya kaɗai ke zuwa asusu?

Maɓallin kuma a mayar da shi ƙarƙashin babban yatsan direba,
ba cikin kwamfutar da muke lallashi a nan ba.
In ya yi facaka a zagaye na goma,
ya ji a jikinsa a na hamsin.

Mai, wanda ba a haƙo daga ƙasa ba, na yarda.
Amma a faɗi kuɗin lita a fili,
kuma kada a tatso shi daga masarar da wani zai tuƙa.

Layin ƙarshe na daɗe a kansa:
bayan shekara biyar, a buɗe zanen ga kowa,
ko wani yaro mai gyaran janareta zai tsinci abu.
Gethin ya karanta, ya yi dariya har da tari.
Wannan, in ji shi, ba zai wuce ƙofar lauya ba.

Agogon gwaji ya cika. Injin ya yi shiru,
ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
Shayina ya yi fata.
Ban goge layin ba.
Na ƙara masa lamba, na sa hannu,
na fita neman kekena cikin ruwa.