Awo

Ni da nake auna matan Runjin Sambo,
tef a wuya, alli a bayan kunne,
yau ga ni bisa benci da kati a hannu
ina jiran a kira ni awo.

Wata uku ka raba ni da albasa
a garin da albasa ke sarauta.
Ko mai kura ne ya gifta da buhunta
sai in ruga bayan shago.
Ranan, wata Laraba, na farka da yunwa,
yunwa ta gaske, irin ta mai huɗa.
Na aiki Modi masa ta ɗari biyar,
na cinye, na lashe yajin takardar.
Ya tsaya da hula a hannu:
"Kulu, ke ce, ko an musanya min ke?"

Laulayi ya naɗe tabarmarsa,
sai dai bai kwashe kayansa duka ba.

Bayan isha'i ƙwannafi ke sallama,
kamar an mance garwashi a ƙirjina.
Inna Tumba ta ce, "Gashi na, ɗiyata,
yaron ga gashi garai."
Sista Luba ta yi dariya har da tafi:
"Ki ci kaɗan-kaɗan dai,
kada ki kwanta da tuwo a wuya."

Da asuba asuwaki ya fito da ja.
Hanci ya toshe, ba mura ba komai.
In na yi atishawa, gefen mara ya tsira,
tamkar allurar keke ta kuskure yadi
ta sami ɗan yatsa.
In na miƙe da sauri daga ɗinki
sai bango ya karkata, atamfofi su yi iyo,
in dafa tebur har duniya ta zauna.

Shekaranjiya cikin dare sha-raɓa ta ƙulle,
na yi salati da ƙarfi.
Modi ya tashi a gigice yana laluben tocila,
ya kama ƙafar da lafiyarta ƙalau yana ja.

Mantuwa kuwa, kada ka tambaya.
Na haɗa wa Hajiya Ige hannun riga a baibai,
ta juya shi, ta dube ni sama da ƙasa,
ta tsaya a tsakiya,
ta ce, "Allah shi raba lahiya."
Ni da ban gaya wa kowa ba.

Siket ɗin sallata na farke shi da reza,
na saki inci biyu, na bar sarari.
Sannan na ga layin:
baƙi, siriri, daga cibiya ya gangara,
miƙe sak, ba karkata.
Shekara tara ina jan alli
ban taɓa fitar da irinsa ba.
Wa ya koya maka yanka?

Jiya da azahar aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
zafin Sakkwato ya shigo ya zauna bakin ƙofa.
A cikin shirun nan na ji wani abu,
ɗan kaɗawa,
kamar ƙaramin kifin Rima ya goga ƙafa.
Kai ne? Ko waken rana ne?
Na riƙe numfashi. Ba ka sake ba.

"Kulu Modi!"
Na tashi a hankali, na hau gadon.
Sista ta shafa mai sanyi, ta ɗora na'ura,
ta yawata hagu, ta yawata dama.
Iska kawai. Iska.
Na ƙura wa silin ido ina ƙirga tabonsa.

Sai ga shi:
taka-taka-taka-taka,
da sauri, ba tsinkewar zare.

Na san wannan sauti.
Keke ne.
Wani na can ciki tun ba yau ba,
ba fitila, ba tef, ba alli,
yana ɗinka kansa.