Jan Yadin Lavonne

A Nebraska, bayan masara ta gama shiga rumbu,
dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Kearney,
ni da ƙanwata Lavonne muka baje ƙyallaye a teburin kicin
za mu haɗa wa jikarta bargo kafin ta iso duniya.

Ni tun shekaranjiya na jiƙa nawa.
Haka Mama ta koya mana:
sabon yadi maƙaryaci ne,
sitacin kanti ke miƙe masa baya.
Tsoma shi a ruwa ka ji gaskiyarsa.
In mai zuba ne, ya zuba a bokiti,
in mai tsukewa ne, ya tsuke shi kaɗai
tun bai haɗa kafaɗa da kowa ba.

Lavonne ta yi dariyar nan da ta koyo a Denver.
"Ardith, wa ke da ranar wanki da shanya da guga?
Dubi bakin naki, duk ya zazzare kamar gemun masara.
Nawa kuwa, almakashi tafiya kawai yake yi.
Rinin yau ba na zamanin Mama ba ne."
Na ce, "Ja dai ja ne."
Ta ce, "Ke dai tsoro ne."
Muka yi shiru, tukunyar kofi tana tsaki a madadinmu.

Kwana tara keken ɗinki yana ƙara.
Ƙyallena arba'in, masu laushi kamar tsohon tafin hannu,
nata arba'in da ɗaya, sumul, masu kaifin kusurwa,
har da wani ja mai ƙananan tsuntsaye
da ta saya don ya yi mata kyau a ido,
ta jera shi daf da farin da na yanko
daga labulen ɗakin Mama.
Na gani. Na ciji leɓe.
Shekara sittin ina gaya mata abin da zai faru,
na gaji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.
Muka sa shi a inji, ruwan sanyi, gishiri cokali biyu,
muka tsaya a ɗakin ƙasa hannu a ƙirji
kamar masu jiran likita.

Ya fito.
Nata sun ja jiki, nawa sun tsaya inda suke,
kowane ɗinki ya tattare kamar goshin mai tunani.
Jan kuwa ya tsallaka iyaka,
ya shiga labulen Mama da faɗin yatsa biyu,
ya bar masa launin kuncin jariri.

Ina da magana a baki, a shirye, a goge.
Sai na ga Lavonne ta ɗora hannu a kan farin,
tana shafa wurin da ya ɓaci
kamar yadda take shafa hannun Mama a asibiti,
daren da ni na tafi gida na yi barci.

Ta ce, "Na ɓata shi."
Na ce, "Kama can mu shanya."

Yanzu yarinyar ta shekara uku, Junie sunanta,
tana jan bargon a ƙasa daga ɗaki zuwa ɗaki.
An wanke shi ya fi sau hamsin,
nawa da nata duk sun tsufa daidai,
ban iya nuna maka wanne ne na wa
in ba wurin nan ba,
inda take cusa hanci in barci ya zo.

Har gobe ina jiƙa yadina.
Jiya ma na yi, wani shuɗi, bai zuba ba ko kaɗan,
na tsaya a kan bokitin ina kallon farin ruwa
ya fi yadda ya kamata.