Tazara

Shekara ashirin da shida ina jan tasi a Lima,
ƙa'idata guda ce: ka ga rata, cusa hanci.
Wanda ya bar taku uku a gabansa
ya bar wa wani lomarsa.

Sai ga Yesenia Huamán daga jami'a,
gashi a ɗaure da robar kuɗi,
ta liƙa ɗan akwati gefen sitiyarina,
girmansa bai kai sabulun wanka ba.
Ta ce, "Don Eusebio, ku sittin ne kacal
cikin dubban da ke gangarawa kudu da safe.
Lamba za ta fito, ka riƙe ta.
Ko gaba ta buɗe, kar ka bi."

Na ce, sittin? Gishiri a teku.
Ta ce, gishiri a miya.

A bayan rasit ɗin mai ta zana mini:
wani ya shafi birki don ya leƙa waya,
na biyu ya taka, na uku ya danne,
na talatin ya tsaya cik yana zagin iska.
Ba haɗari, ba rami, ba ɗan sanda.
Cunkoson na tafiya da baya da baya
kamar hamma a cikin taro,
mai laifin kuwa tuni yana kurɓar kofi a Lurín
bai san ya haifi komai ba.

Litinin. Hazon teku ya kwanta kan Panamericana.
Akwati ya ce arba'in da biyu.
Gabana fili, tsawon bas uku,
tafin ƙafata na ƙaiƙayi.
Wata bas ta faɗa ciki,
yaron motar ya leƙo ya ce, "Kaka, jana'iza za ka?"
Mai jar mota ya kwanta kan ham,
ya wuce yana nuna mini yatsa.
Na haɗiye. Da ɗaci.

Can sai na hango ta tafe,
jar wutar birki, mota bayan mota,
tana cin layi tana nufo ni.
Ta iso bakin ratar da na bari,
ta laluba, ba wanda za ta miƙa wa,
ta mutu a nan, a kan kwalta tsirara.
Ƙafata ba ta taɓa birki ba.

Na ɗaga ido ga madubi.
Motar kifi na biye, ba ta tsaya ba,
bayanta ta makaranta, yara na barci,
bayanta wasu da ba zan taɓa sani ba,
duk suna tafiya da numfashina.
Wani wuri cikin hazon
akwai hamsin da tara irina,
kowa na shan nasa zagin.

A shingen biyan kuɗi na tarar da mai jar mota,
kafaɗa da kafaɗa muka isa.
Bai gane ni ba.

Da dare Filomena ta ɗauko zancen kuɗin haya,
ta jefo wadda kullum nake cafewa.
Na bar ta ta faɗi a tsakaninmu.
Ta tsaya da ludayi a sama,
ta ce, "Kai, lafiyarka?"
Na ce, arba'in da biyu.
Ta taɓa goshina, ta zuba mini miya.