Mai Gyaran Famfo a Asibitin Ido

Shekara talatin da biyu ina buɗe abin da ya toshe.
Daga Tudun Wada har Unguwar Rimi
ba kwatar da ba ta san hannun Mati ba.
Gashi, ledar burodi, ƙayar kifi,
har cokalin shayi na taɓa zarowa a wani gida a Malali.
In ruwa ya tsaya ni ake kira,
aikina in ce masa: wuce.

Sai ga idona ya fara yoyo.

Ba kuka nake ba, amma wa zai yarda?
A Kasuwar Barci ina cinikin bututu
mai shago ya sassauta murya, ya rage mini ɗari biyu,
ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Wa ya rasu?"
Na karɓi ragin, ban ce uffan ba.
Uwani kuwa tsare ni ta yi a bakin murhu:
"Faɗa mini gaskiya, bashi ne?"

Da dare kamar an zuba mini yashin kogi,
kowace ƙiftawa da ƙaiƙayinta.
Da rana hankici sharkaf.
Na sa kwalli, na sayi na ɗigawa a kemis har kala huɗu,
ɗaki ya cika da kwalabe, ido na nan yadda yake.

Sallau, yarona, ya goya ni a babur zuwa Mando.
Kati, layi, benci, azahar.
Likita Kuyet ta maƙala mini siririyar takarda a gefen ido,
ta jira, ta cire, ta duba,
ta ce, "Baba, idonka a bushe yake."
Na ce, "Likita, dubi gaban rigata."

Ta ce, "Wannan na gudunmawa ne.
Ido ya ji zafi ya yi kururuwa,
sai ruwa ya taho a guje, tsinkakke, ba ya zama.
Na kirkin, mai kwanciya ya lulluɓe ido, shi ya yi ƙaranci,
ɗan da ake samu kuma yana sulalewa
ta wata 'yar kafa a lungun nan, ya bi ta hanci."
Na ce, "Tanki bai cika ba, an kuma bar ƙasansa a buɗe."
Ta ajiye biro ta dube ni.
"Baba, wace sana'a kake yi?"

Abin toshiyar bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ni da nake yawo da sifana mai nauyin jariri
na kwanta, na kalli silin,
wata ta toshe mini magudana da ɗan hantsaki,
kafin in gama salati ta ce, "Tashi."
Ta ce wannan na gwaji ne, zai narke don kansa,
in ya karɓe ni a sa mai daɗewa.

Na dama ya karɓa.
Na hagu, da aka sa mai daɗewar, sai ya tumbatsa,
hawaye ya rasa hanya ya biyo kumatu.
Na koma na ce, "Likita, mun ɗaure da yawa."
Ta ce, "Mun ɗaure da yawa," ta zare shi,
ta haɗa ni da na ɗigawa safe da yamma.

Yanzu ido ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe,
haka nake shiga ƙarƙashin bahon mutane
ina ganin zaren bututu ɗaya bayan ɗaya.

Jiya na koma Kasuwar Barci
na ajiye wa mai shago ɗari biyunsa.
Ya ce, "Na me?"
Na ce, "Ba wanda ya rasu."
Da za mu Barnawa, a kan gada,
na ce wa Sallau ya rage gudu.
Kogi ya kawo, jajawur, yana jan itace,
na daɗe ina kallonsa ban laluba aljihu ba.