Kitson Barira

Kafin ladanin Bagalam ya gyara murya
Barira ta riga ta janye mini mayafi.
Haka take tun muna ƙanana,
barcinta kokawa ne:
ƙafarta a haƙarƙarina, gwiwar hannunta a wuyana,
gari ya waye ta rantse ni ce na matse ta.

Shekara ɗaya da wata biyar ke tsakaninmu.
Inna ta ce ban gama da nono ba ta zo ta ƙwace,
har yau kuwa ƙwace take:
ɗankunnena, sabuluna, cajar waya,
da shuɗin takalmin nan da muka haɗa kuɗi muka saya,
jika uku nawa, jika ɗaya da rabi nata,
amma ita ta fara taka shi zuwa bikin Tibiri.

Da hantsi muna tsugune gaban roba,
ina tace zoɓo, tana ƙulla leda.
Yatsunta sun fi nawa sauri,
bakinta ya fi yatsun.
Ta ba ni labarin ɗan kabu-kabun da ya ƙi karɓar kuɗinta,
na ce to, bashi ne, da goro za a biya.
Ta watsa mini ruwan tsamiya.

In an ɗauke wuta sai mu tsaya kan firigo
kamar masu jinya,
muna taɓa ƙanƙara, muna jin ranta na fita.
Ran nan ƙulli tamanin suka narke.
Na nemi wuri zan yi kuka,
ita kuwa ta leƙa waje ta kira yaran layi
ta ce yau attajirai ke sadaka.
Suka sha har leɓunansu suka rine,
dariya ta kuɓuce mini ta hanci.

Mun taɓa gaba ta kwana biyu
kan wata magana da na manta.
Inna ke kai saƙo daga wannan gefen katifa zuwa wancan.
Dare na biyu sauro ya sauka a kumatuna,
ta kai masa mari.
Shi ke nan, aka shirya.

Takardar ta zo ran Talata.
Makarantar ungozoma, Damagaram, shekara uku.
Ni na fara guɗa, ni na fi kowa ƙarfin guɗa,
har maƙwabta suka leƙo ta katanga.
Sannan na zaga bayan ɗaki
na daɗe ina wanke fuskar da ba ta yi datti ba.

Yau jajibirin tafiya.
Ta zauna tsakanin gwiwoyina a kan tabarma,
na sa kibiya na tsaga.
Na san kan nan fiye da tafin hannuna:
ga tabon faɗowarta daga mangwaron bakin gulbi,
ga inda gashi ke murɗewa ya ƙi bin layi
kamar mai shi.

Ƙanana nake yi, ƙanana ƙwarai,
ina ja har ta ce wash, Hamsu, kashe ni za ki yi?
Na ce don ya daɗe ne.
Ta ce in ya tsufa fa?
Na ce Damagaram ba ta rasa makitsa ba.
Ta yi shiru,
can ta ce sai dai in yi ta ɗaura kallabi har Babbar Salla.

Ban amsa ba, zare na bakina.
Akuyar Inna na tauna harawar gyaɗa,
rediyon maƙwabci na faɗin kuɗin tiyar gero.
Saura layi huɗu.
Ina jan hannu,
ina tsefe wanda bai karkace ba in sake.
Ta sani. Ba ta ce komai ba.

Takalmin na cusa mata can ƙasan jaka,
ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli.
In ta gani za ta kira ni ta yi tsiya,
ni ma in rama.
Daga gobe katifa tawa ce, duk faɗinta,
sai dai ban taɓa koyon barci
ba ƙafar mutum a haƙarƙarina ba.